Kawu Ya Rasu A Kan Gadonsa

Daga Allah muke, kuma gare Shi kowa zai koma. Kawu, ƙanin mahaifiyata, ya rasu a gidansa da ke unguwar Alibandeng a Libreville, ranar wata Laraba bayan azahar. Yana kwance a kan gadonsa, kansa a kan matashin da ya saba, ruwan alwala bai gama bushewa a gemunsa ba.

Da gangan na ambaci gadon. Lokacin da na isa gidan, mata sun cika tsakar gida ana koke-koke. Matarsa, wadda muke kira Dada, tana zaune a bakin ƙofar ɗaki ta miƙe ƙafafu. Da ta gan ni sai ta ja wani dogon numfashi, ta sauke shi a hankali, ta ce, "Alhamdulillahi. A gida ta same shi."

Wata maƙwabciya da ba ta daɗe da zuwa daga Nijar ba ta taɓa ni, ta raɗa mini ko dai mutuwar ta taɓa wa tsohuwar kai. Na ce mata ƙalau take. Duk wanda ya san gidan ya gane abin da Dada take nufi. Tun tana amarya Kawu yake tuƙa kamiyo, wato babbar motar kaya, tsakanin Libreville da arewa, ya ratsa duwatsun Gabon da na Kamaru har Mubi, garinmu. Ta san matan direbobi da aka kawo wa hula kawai. Ta san wadda ba a kawo wa komai ba, domin motar mijinta ta faɗa kwazazzabon da ba mai iya sauka cikinsa. Duk tafiyar da ya yi, in aka ƙwanƙwasa ƙofa sai gabanta ya faɗi. Ga shi yau an wanke shi a gidansa, an sa masa likkafani, jama'a sun yi masa sallah, kuma ta san inda kabarinsa yake. Daga baya ta yi kuka sosai, amma ba kukan firgici ba ne.

Direbobi sun zo da yawa, har motocinsu suka toshe layin, masu taksi suna ta ƙorafi da Faransanci. Sun zauna a tabarmar waje suna sunkuyar da kai, amma ba a jima ba sai na fara jin ana danne dariya, domin kowa da labarin Kawu a bakinsa. Matan ƙabilar Fang maƙwabtanmu, waɗanda ba addininmu ɗaya ba, suka shigo da itace da ayaba a ka, suka ajiye, suka zauna tare da mu har yamma.

Mahaifiyata, Inna, ita ce ta zo a ƙarshe, tana dogara sanda. Ita ce babba a ɗakinsu, shi ne ƙarami, don haka har gemunsa ya yi fari ba ta daina kiransa Auta ba. Ta zauna kusa da Dada, ta ce, "Auta bai taɓa yarda a wuce mota a kan lanƙwasa ba. Ga shi yau ya wuce ni, ko ham bai yi mini ba."

Aka rasa ko kuka za a yi ko dariya. Aka yi duka biyun.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne jikokinsa. Su tsoho makaho suka sani, mai zama a tabarma yana tambayar wa ya shigo. Ina so su san wanda ya riga wannan tsohon.

Kawu gajere ne, mai faɗin kafaɗa, hannun hagunsa ya fi na dama baƙi saboda ajiye shi a tagar mota. Ni sunan mahaifiyarsu aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba, sai dai "Uwata". Ko faɗa zai yi mini, da "Uwata" yake farawa, sai faɗan ya yi sanyi tun bai fito ba.

A shekarun da kuɗin man fetur ya cika garin nan, kowa sauri yake. Gine-gine suna tsirowa a bakin teku, mutane sun bar gonaki sun dawo birni, abinci kuwa sai an kawo daga nesa. Kawu yana cikin masu kawowa: albasar Garwa, wake, gyaɗa, da raguna in Sallah ta gabato. Matasan direbobi suna ta gudu don su ninka sawu, shi kuwa yana nan da kalmarsa da ya aro daga Faransanci, "Dusma, dusma," wato a hankali. Har sunan ya bi motarsa. In ta shigo tasha sai ka ji ana cewa Dusma ta iso.

Yana da dokar da yake koya wa duk wanda ya zauna kusa da shi: giyar da ka hau dutse da ita, da ita za ka sauko. Maganar tuƙi ce, don kada birki ya yi zafi ya ƙi kamawa a gangare. Amma shi a komai yake sa ta. In ya ji wani ɗan kasuwa ya samu ya ƙara gida da mota a shekara guda, sai ya girgiza kai ya ce, "Ya hau da babbar giya. Allah ya sa ya san akwai gangare."

Bai taɓa fara babban gangare bai tsaya ba. Zai sauka, ya sa itace a ƙarƙashin taya, ya zagaya motar yana dafa kowace ƙafa da tafin hannu don ya ji zafinta, ya yi nafila a gefen hanya, sannan ya hau. A bayan kujerarsa kullum akwai farin yadi a naɗe da ƙaramar shebur. Ya ce ba nasa ba ne kaɗai, na duk wanda Allah ya sa ya tarar ne. Kuma ya tarar, ba sau ɗaya ba.

Akwai wani ƙauye a gindin wani tsauni a hanyar Oyem, ba Musulmi ko ɗaya a cikinsa. Duk wucewa sai Kawu ya tsaya ya sauke musu gishiri da ashana da sabulu. Na taɓa tambayarsa ko yana da dangi a can ne. Ya ce, "Uwata, in mota ta faɗo daga sama, su ne suke fara zuwa da adduna su sare daji su ciro mutum. Ba sa tambayar sunansa. Su ne dangin kowane direba."

Yana son labarin hanyoyin da bai bi ba kamar yadda wasu ke son labarin ƙwallo. Da ƙuruciyarsa ya je Makka ta ƙasa, ta Chadi da Sudan, ya ga duwatsun Darfur, ya hau hanyar Ɗa'ifa wadda ya ce tana naɗewa kamar rawani. Wata rana kuma ya tarar da wasu Turawa, mata da miji masu yawon duniya, motarsu ta kafe a laka. Ya jawo su da sarƙa, suka zauna shan shayi, suka ba shi labarin duwatsun ƙasarsu inda ƙanƙara ke rufe hanya, da wasu a can gabas inda iska ke yi wa mutum kaɗan har inji ya riƙa haki. Ya daɗe yana maimaita mana wannan. "Inji yana haki, Uwata! Kamar jaki. Da ina da sauran ƙuruciya da na je na ji da kunnena."

Amma tafiyar da aka fi tunawa da ita a danginmu ita ce wadda ya kai Inna gida ta mutu.

Bayan rasuwar mahaifina, Inna ta daina cin abinci. Ƙafafunta suka kumbura, ta rame har zoben hannunta yana zamewa. Muka yi ta zaryar asibiti, daga ƙarshe likita ya ce mu kai ta gida mu kula da ita, ba abin da zai ƙara. Wata safiya ta kira ni da Kawu, ta ce da muryar da sai an sunkuya ake ji, "Ku kai ni Mubi. Ba na so a binne ni a ƙasar da ake haƙa kabari ruwa yana tsattsafowa."

Maigidana yana da butik, wato shago, a unguwar Louis, yana sayar da rediyo da yadi, kuma Allah ya buɗa masa a lokacin. Ya ce ai magana ta ƙare, za a sa ta a jirgin sama zuwa Garwa, daga can a ƙarasa da mota. Inna ta ce ita ba za ta shiga jirgi ba. Ta hanya ta zo ƙasar nan, ta hanya za ta koma, kuma Auta ne zai kai ta.

A gaban butik ɗin suka yi ta shi da Kawu, ina tsaye.

"Kawu, ka faɗa mata gaskiya mana. Matar da ba ta iya zama za a ɗora a kamiyo? A wannan damina?"

"Na faɗa mata. Ta ce ta ji."

"To ka ƙi! In ka ƙi, dole ta shiga jirgi."

"Yayata ce, Malam. Ita ta goye ni. Abu na ƙarshe da ta roƙe ni ke nan."

"In ta mutu a daji fa?"

"Na san duk garin da ke da masallaci daga nan har Mubi."

Nan ran maigidana ya ɓaci. Mutum ne mai ladabi, amma ranar bakinsa ya kuɓuce. Ya ce, "Kai ba ka san komai ba sai hanya. Kashe ta za ka yi, ka ce ƙaddara."

Kawu ya dube shi. Ya gyara hularsa ya juya. Daga ranar ƙafarsa ba ta sake taka butik ɗin ba. In sun haɗu a masallaci ko wajen suna, za su gaisa, gaisuwar da ba ta wuce lafiya lau. Ni ce a tsakiya, miji a dama, kawu a hagu, kuma a raina na san kowannensu son Inna ne ya sa shi magana.

Maigidana bai hana ni bin ta ba. Kawu ya wanke bayan motar, ya shimfiɗa katifa biyu, ya ɗaure su da igiya don kada su zame, ya ja tampol ya bar gefe ɗaya a buɗe don iska. Aka ɗauko Inna kamar jaririya aka kwantar. Dangi suka yi mata bankwana irin wanda ba a sa ran sake gani. Na hau na zauna kusa da kanta.

Wanda bai bi hanyar nan a wancan zamanin ba, ba zai gane ba. Jar laka ce mai santsi kamar sabulu, daji ya rufe sama, ga manyan motocin katako suna gangarowa da gungumen itace, ba sa kauce wa kowa. Inna ba ta magana. Ina ɗiga mata ruwa da cokali, rabi ya shiga rabi ya zube.

Bayan Njole hanya ta fara hawa. Dutse a hannu ɗaya, a ɗaya hannun kuwa rami ne, can ƙasa kogi yana tafiya. An yi ruwa da safe. Muna tsakiyar wani dogon hawa, mota tana kuka tana jan jiki, sai na ga kan Inna ya langaɓe, idanunta sun juye. Na kira ta, shiru. Na girgiza ta, shiru. Na rarrafa na shiga dukan bayan gidan direba da hannu biyu ina ihu.

"Kawu! Kawu, tsaya! Inna ta tafi!"

Na san ya ji ni, domin na ga ƙeyarsa ta ƙaramar taga, na ga yadda wuyansa ya sandare. Amma bai tsaya ba. Bai ko waiwayo ba. Motar ta ci gaba da hawa, taya tana zamewa tana kamawa, ni kuwa ina dukan ƙarfe har hannuna ya fashe. A wannan lokacin na tsane shi. Na ce a raina ashe maigidana ya yi gaskiya.

Sai da muka kai kan tudu inda ƙasa ta daidaita sannan ya taka birki. Ya diro, ko itacen taya bai sa ba, abin da ban taɓa gani ba. Ya hau baya, ya durƙusa, ya kara kunnensa a hancinta. Ya daɗe a haka. Sannan ya ce, "Tana numfashi. Suma ta yi. Miƙo ruwa."

Ya shafa mata a fuska da wuya yana kiran, "Yaya. Yaya. Ni ne." Can ta buɗe ido, ta dube shi, ta rufe. Kawu ya koma ya jingina da jikin mota.

"Uwata," ya ce, "da na tsaya a wurin nan, motar baya za ta yi. Ba birkin da zai riƙe ta a lakar nan. Da yanzu mu uku muna cikin kogi." Ya share fuska da hularsa. "Ina jin ki. Kowane bugu ina ji."

Na kama hannunsa na riƙe.

Muka wuce Oyem da Bitam, muka haye kogi a kan bak, jirgin da ke ɗaukar motoci, muka shiga Kamaru. Jandarmomi a kan iyaka suka leƙa, suka ga halin da take ciki, suka ɗaga mana hannu. Kwanaki suka yi ta tafiya, ni dai kowace safiya hancinta nake fara dubawa.

Can gaba, bayan mun bar Yawunde da nisa, daji ya fara buɗewa. Itatuwa suka gajarce, sama ta fito, hanya ta hau tudun Adamawa. Iska ta sauya, ta zama mai sanyi marar nauyi, ba irin ta bakin teku da ke manne wa mutum a jiki ba. Muka fara ganin shanu. Kawu ya tsaya a wani ƙauye don ya duba taya, matan Fulani suka kewaye motar da ƙorai a ka. Ina gyara wa Inna mayafi sai na ji ta ce wani abu. Na sunkuya.

"Ƙanshin me nake ji?"

"Nono ne, Inna."

"Kindirmo?"

Na leƙa na kira Kawu. Ban taɓa ganin gajeren mutum ya yi irin wannan gudun ba. Ya dawo da ƙwarya guda. Ta sha ludayi ɗaya, ta huta, ta sha na biyu. Ta ce a ƙara. Ni da Kawu muka dubi juna.

Washegari ta ci tuwo kaɗan a Ngaundare. Da muka zo bakin babban gangaren da ke bayan garin, wanda direbobi ke kira falez, Kawu ya tsaya yin al'adarsa. Daga wurin ana hango ƙasar arewa a shimfiɗe can ƙasa, har inda ido ya gaji. Inna ta ce a tashe ta zaune. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce ita ta gaji da kwanciya kamar buhun albasa, a gaba za ta zauna.

Haka muka sauka falez mu uku a gidan direba, tana tsakiya. Motar tana tafiya kamar ana jan ta da zare, lanƙwasa bayan lanƙwasa, Kawu ya haɗa gumi. Sai Inna ta ce, "Auta, rage gudu."

Mutumin da duk Libreville ke yi wa dariya saboda rashin gudu! Ya ce, "Yaya, in na rage tsayawa zan yi."

"Tun kana yaro kake da gaggawa. Haka ka fasa wa mahaifiyarmu tulu."

Kawu ya fashe da dariya, hawaye yana zuba a gemunsa, hannu biyu a kan sitiyari ba halin sharewa. Ni na share masa da bakin mayafina.

Da muka ratsa duwatsun kan iyaka muka gangara Mubi, dangi sun taru a ƙofar gida, an riga an aika musu cewa ana kawo ta ba yadda take. Wasu har sun fara kuka da suka hango motar. Inna ta sauko da ƙafafunta, tana dafe da kafaɗar Auta, ta dubi taron ta ce, "Wa ya mutu?"

Ta yi shekara biyu a Mubi, ta yi ƙiba, ta gaji da zaman, ta ce kewar jikoki ta dame ta. Kawu ya sake ɗauko ta ya dawo da ita. Ga ta nan har yau, ita ke karɓar gaisuwar rasuwarsa.

Na ɗauka da muka dawo zai je ya tsaya a gaban maigidana ya nuna masa. Bai je ba. Da na taɓo maganar sai ya ce, "Uwata, mijinki bai yi ƙarya ba. Da ta cika a hawan Njole fa? Allah ne ya rufa mini asiri, ba iyawata ba." Na ce to me ya hana su shirya? Ya ce, "Gaskiyarsa daban, maganar da ya faɗa mini daban." Maigidana kuma kunya ta hana shi zuwa. Ya sha shirya zuwa, sai ya kai bakin layi ya juyo. Haka shekaru suka wuce.

Idon Kawu ya fara dushewa a hankali, yana ɓoyewa. Dada ta gane, domin ya fara zuba shayi a gefen kofi. Ta roƙe shi ya bar tuƙi, ya ce yana gani. Wannan lokacin ne ta fi shan wahala, ta daina barcin kirki in ya yi tafiya. Sai wata rana da hantsi muka ga ya sauko daga taksi, ba mota. Ya ce yana cikin tafiya ya ga abu a gefen hanya, ya ɗauka kututture ne, sai da ya zo dab da shi kututturen ya motsa, ashe mace ce da goyo. Bai taɓa ta ba. Amma a wurin ya kashe motar, ya sauka, ya bar ta wajen wani direba da ya yarda da shi. Bai sake riƙe sitiyari ba. Ba wanda ya ƙwace masa makulli, shi ya ajiye da kansa.

Sai dai zaman gida bai karɓe shi ba. Ganin ya tafi gaba ɗaya, maganarsa ta ragu. In babbar mota ta wuce a titi sai ya ɗaga kai ya bi ƙararta har ta ɓace. Na faɗa wa maigidana cewa Kawu yana ƙarewa a zaune. Ranar Lahadi da safe sai ya ce in shirya, ya fito da ƙaramar motarsa, muka nufi Alibandeng.

Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa a gaban tabarmar.

"Kawu, ina kwana."

Kawu ya karkata kai. "Malam ne?"

"Ni ne. Na zo ne... ina so in je wajen Kango, kuma ban san hanyar sosai ba. Ko za ka raka ni?"

Kowa a gidan ya san ya san hanyar. Kawu ma ya sani. Ya ce, "Dada, miƙo mini hulata."

Aka sa shi a gaba, ni da Dada a baya. Da muka fita gari ya sauke gilashi, ya ɗora hannun hagu a cinya, na dama a taga, yana shaƙar iska. Muka wuce Ntum, ƙasa ta fara tashi da sauka. Sai ya gyara zama ya ce, "Malam, rage. Akwai mugun lanƙwasa a gaba, hagu, sai gada ta katako."

Maigidana ya rage. Muka yi ta tafiya, ba lanƙwasa, ba gada. Kuɗin mai ya bi ta wurin, an fasa tudun, an miƙe hanya, an zuba kwalta. Na ga maigidana yana shirin murɗa sitiyari don ya yi kamar akwai, sai ya fasa. Ya ce, "Kawu, sun cire shi. Hanyar ta miƙe."

"Sun cire?"

"Har gadar. Ta siminti ce yanzu, mun wuce ta."

"Ban ko ji ta ba!" Ya buga cinya yana dariya. "Lanƙwasan da ya ci motoci! To, Allah ya yi musu albarka. Yaran yanzu sun huta."

Maigidana yana kallon hanya ya ce, "Kawu, maganar da na faɗa maka a gaban butik..."

"Kalli gabanka, Malam. Na yafe tun a falez. Jira nake ka zo in faɗa maka."

Maigidana ya gyaɗa kai, ya ci gaba da tuƙi.

Muka tsaya a kan wani tudu, aka shimfiɗa tabarma, muka ci abincin da Dada ta ƙunso, suka yi azahar tare, maigidana ya ja shi ya daidaita masa alƙibla. A hanyar dawowa Kawu ya ba shi gyara sau biyu a kan yadda yake sa giya, sannan ya yi shiru. Can na ga kansa ya jingina da kujera, bakinsa ya ɗan buɗe. Gabana ya faɗi, na miƙa hannu zan taɓa shi, sai na ji minshari.

Dada ta riƙe hannuna. Ta raɗa mini cewa tun da ta aure shi bai taɓa runtsawa a motar da wani ke tuƙawa ba, ko ta wa ce. Maigidana ya ji. Ya ɗaga ƙafa daga totur, ya bar masu sauri suna wuce mu suna ham. Da muka iso ƙofar gida ya kashe mota a hankali, ba wanda ya buɗe ƙofa. Mu uku muka zauna a ciki tare da shi, yara suna leƙe ta gilashi, har sai da ya farka don kansa.

Bayan wannan bai cika wata biyu ba.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa kurakuransa, ya yalwata masa makwanci. Yadda ya kai mutane gida lafiya, Allah ya sauke shi lafiya. Mu da muke bisa hanya, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.